Tambaya da Amsa: Shimfiɗa Kod Mai Sauƙi a Kiɗan Piyano na Zauren Baƙi

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar duk sun shafi salon kiɗan piyano da ake kira na koktel, wato kiɗan nan mai laushi da makaɗi ɗaya ke yi a zauren otal ko gidan cin abinci, mutane na hira shi kuma yana raka su da sauti. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su samu fili. Kod shi ne sautuka da ake dannawa tare. Sautin da ya ba kod sunansa shi ne tushe, sauran kuma ana ƙirga su daga tushen zuwa sama, na uku, na biyar, na bakwai, na tara, da sauransu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na daɗe ina kaɗa kibod, kuma kwanan nan aka ba ni aikin kaɗa piyano da yamma a wani gidan cin abinci. Ina danna kod na sauti huɗu da hannun hagu, hannun dama kuma yana ɗauke da karin waƙa, amma abin da ke fitowa a cunkushe yake, babu daɗin ji. Shin sai na koyi manyan kod-kod masu lamba 9 da 11 da 13 kafin kiɗana ya yi kama da na ƙwararru?

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. Ba ƙarancin sautuka ne matsalarka ba, yawansu ne da kuma wurin da kake ajiye su, saboda haka idan ka ƙara na tara da na goma sha uku a kan abin da kake yi yanzu, cunkoson zai ƙaru ne kawai. Wannan salo ya bunƙasa a manyan otal-otal da gidajen shaƙatawa na Amurka tun daga shekarun 1930, lokacin da makaɗa irin su Eddy Duchin suka yi suna a birnin New York, sannan Carmen Cavallaro ya biyo baya da nasa adon. Tun asali an yi shi ne domin ɗakin da ake magana a cikinsa, inda ƙarar kofuna da cokula da muryoyin mutane suka riga suka cika wani ɓangare na kunnen mai sauraro. Makaɗin da ya fahimci haka yana barin sarari a cikin kiɗansa, kuma hanyar barin sarari ita ce rage sautukan kod zuwa waɗanda ba a iya yi sai da su.

Mu fara da dalilin cunkoson, domin yana da tushe a yanayin sauti kansa. Igiyar C na tsakiya, wato maɓallin C da ke tsakiyar piyano, tana girgiza kusan sau 262 a sakan ɗaya, ta E da ke samansa kuma kusan sau 330, tazarar da ke tsakaninsu ke nan kusan 68. Idan ka sauko oktab biyu (oktab shi ne tazarar da ke tsakanin C da C na gaba) ka danna C da E ɗin can ƙasa, girgizarsu ta koma kusan 65 da 82, tazarar ta ragu zuwa 17 kacal. Sautuka biyu da suka yi kusa haka kunne ba ya iya rarrabe su sosai, sai ya ji wani gurnani a tsakaninsu, kuma masanin nan Bajamushe Hermann von Helmholtz ya yi bayanin wannan gurnanin tun a shekarar 1863. Akwai kuma ƙarin abu: kowace igiya ta ƙasa tana fitar da wasu ƙananan sautuka a samanta, da farko oktab ɗinta, sai na biyar, sai wani oktab, sannan na uku ya bayyana can sama. Wato ita kanta igiyar tana shimfiɗa sautukanta da faɗi a ƙasa, ta matse su a sama. Makaɗin da ya dunƙule sautuka huɗu a ƙasan piyano ya juya wannan tsari ne, kuma kunne yana ganewa nan take. Ƙa'idar aiki ita ce, ƙasa da C ɗin da ke oktab ɗaya kafin C na tsakiya, kada ka haɗa sautuka biyu masu tazarar uku. A can sai tushe shi kaɗai, ko tushe da na biyar, ko da na bakwai, ko da oktab.

Sai batun waɗanne sautuka za ka riƙe. Ka duba kod uku da suka tashi daga C. Cmaj7 yana da C, E, G da B. C7 yana da C, E, G da B♭ (alamar ♭ tana nufin maɓallin da ke manne da shi ta ƙasa). Cm7 kuma yana da C, E♭, G da B♭. Sautin G, wanda shi ne na biyar, yana cikin duka ukun bai canza ba, saboda haka ba ya gaya wa kunne komai game da irin kod ɗin. Na uku ne ke nuna mejo ne ko maino, wato mai hasken sauti ne ko mai duhu, na bakwai kuma shi ke nuna kod ɗin a zaune yake ko yana neman wucewa gaba. Idan ka riƙe tushe da na uku da na bakwai, ka riƙe kod ɗin gaba ɗaya da sauti uku. Wannan shi makaɗan jaz ke kira ɓawon kod, kuma Bud Powell, wanda ya yi fice a shekarun 1940, sau da yawa sauti biyu kawai yake dannawa da hagu, tushe da na bakwai ko tushe da na uku, ya bar sauran aikin ga hannun dama.

Ka zauna gaban piyanonka mu gwada da jerin da ya fi kowanne yawa a waƙoƙin wannan salo, wato Dm7 zuwa G7 zuwa Cmaj7. Ka ɗora ƙaramin yatsanka na hagu a kan D ɗin da ke ƙasa da C na tsakiya, babban yatsa kuma a kan C na tsakiya. Babban yatsan dama ya danna F ɗin da ke sama da C na tsakiya, sannan wani yatsa ya riƙe A a samansa a matsayin karin waƙa. Wannan shi ne Dm7, sautuka huɗu a warwatse cikin hannu biyu. Domin komawa G7, babban yatsan hagu ya zame maɓalli ɗaya zuwa B, yatsan tsakiya ya danna G ɗin da ke ƙasansa, hannun dama kuwa kada ya motsa ko kaɗan. Domin sauka kan Cmaj7, babban yatsan hagu ya tsaya a kan B, ƙaramin yatsa ya tafi C ɗin ƙasa, F ɗin hannun dama ya zame zuwa E, karin waƙa kuma ya sauko G. Ka lura cewa a kowane canji, a cikin sautukan tsakiya biyu, ɗaya ne kawai ya motsa, kuma rabin taki ya yi, wato ya koma maɓallin da ke manne da shi. Wannan ɗan motsi na C zuwa B, sannan F zuwa E, shi ne santsin da kake ji a hannun ƙwararru kake zaton wani ɓoyayyen ilimi ne.

Akwai wani abu da nake so ka ji da kunnenka a wannan misalin. Lokacin da ka bar A a sama ka shiga G7, A ɗin ya zama sauti na tara na kod ɗin, ga shi ka samu G9 ba tare da ka nema ba. Haka abin yake a yawancin waƙoƙin da ake kaɗawa a wannan salo, domin waɗanda suka tsara su sun riga sun ajiye launi a cikin karin waƙar. Aikinka shi ne ka shimfiɗa masa wuri mai tsabta a ƙasa. Wuri ɗaya da na biyar yake da muhimmanci shi ne inda aka sauya shi, kamar a Dm7♭5, wanda ɓawonsa daidai yake da na Dm7, don haka dole A♭ ya fito a hannun dama, in ba haka ba ka kaɗa wani kod ne daban. Ka bi wannan jeri a duka ki goma sha biyu, wato kana sauya sautin da jerin ke sauka a kai daga C zuwa kowane sauti, a hankali, har hannunka ya riƙa samun wurinsa ba tare da ido ba. Bayan nan ne ƙarin na tara da na goma sha uku zai yi maka amfani, kuma za ka ga sauti ɗaya kake ƙarawa a lokaci guda.

Tambaya: Malam, ni mace ce mai ƙananan hannuwa, da ƙyar nake kai oktab. Na ji ana cewa daɗin wannan kiɗa yana cikin tazarar goma a hannun hagu. Ko wannan na nufin salon ba nawa ba ne?

Amsa: 'Yar'uwa, salon naki ne, kuma ina roƙonki kada ki tilasta wa hannunki abin da ba zai iya ba. Gaskiya ne tazarar goma, wato tushe a ƙasa da na uku a oktab na gaba, kamar C da E ɗin da ke bayan C na sama, tana da daɗi ƙwarai, domin ta raba sautukan nan biyu da ke yin gurnani idan suka kusanci juna. Fats Waller da Teddy Wilson sun shahara da ita. Amma a piyano na yau da kullum faɗin oktab kusan santimita 16 da rabi ne, tazarar goma kuwa ta kai kusan santimita 21, kuma mutane da yawa, maza da mata, hannunsu bai kai nan ba. Miƙa hannu da ƙarfi na tsawon sa'o'i yana jawo ciwon wuyan hannu, wanda yake iya hana mutum kiɗan gaba ɗaya.

Kunnen mai sauraro ba ya tambayar wane hannu ne ya danna wane sauti. Hanya mafi sauƙi ita ce ki danna tushe da na bakwai da hagu, tazarar da ba ta kai oktab ba, ki bar wa babban yatsan dama sauti na uku, kamar yadda na nuna a amsar da ta gabata. Za ki iya kuma mirgina sautukan, ki fara da tushe, ki taka feda, matakin ƙafar nan da ke sa sauti ya ci gaba da amo, hannun ya juya a hankali zuwa na biyar sannan na goma, ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. Wannan mirginawar ma ado ce a kiɗan koktel, har masu manyan hannuwa suna yin ta da gangan. Abin kulawa kawai shi ne sautin ƙarshe ya sauka tare da karin waƙa, domin idan mirginawar ta makara, bugun kiɗan zai riƙa ja da baya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na koyi irin kod-kod ɗin da ba su da tushe, waɗanda ake danganta su da Bill Evans. Idan ina bin faifai suna yin daɗi, amma idan ni kaɗai nake kaɗawa sai in ji kamar kiɗan yana shawagi, bai da wurin zama. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, kunnenka ya faɗa maka gaskiya. Waɗannan kod-kod sun yaɗu ne a shekarun 1950 a hannun makaɗa irin su Ahmad Jamal da Red Garland da Wynton Kelly da shi Bill Evans, kuma dukansu sun fi yin aiki ne tare da mai kaɗa bes, kayan kiɗan da ke fitar da sautukan can ƙasa. Tun da mai bes yana riƙe da tushe, sai mai piyano ya ajiye shi, ya yi amfani da yatsan da ya samu hutu wajen ƙara na tara ko na goma sha uku. Idan kana bin faifai, mai bes ɗin cikin faifan yana cike maka giɓin. Idan ka kashe faifan, babu mai cikewa.

Ka duba abin da hannunka ke dannawa. A madadin Dm7 kana danna F, A, C da E, kuma waɗannan sautuka huɗu, idan babu D a ƙarƙashinsu, Fmaj7 ne sak. A madadin Cmaj7 kana danna E, G, B da D, wanda shi ne Em7. Mai sauraron da ya san waƙar sosai zai iya cike tushen da tunaninsa, amma wanda ke tsakiyar hira yana jin kiɗan da gefen kunne zai ji jerin kod ɗin da bai taɓa sauka gida ba. Makaɗin zauren baƙi shi ne mai bes ɗin kansa, kuma a ganina bai kamata ya yi sakaci da wannan aikin ba.

Ba sai ka zubar da abin da ka koya ba. Ka danna tushe shi kaɗai a ƙasa a bugun farko na gaɓa, wato rukunin bugu da ake auna kiɗa da shi, ka kama shi da feda, sannan hannun ya hau ya danna kod ɗin mara tushe a bugu na biyu ko na uku, a kewayen C na tsakiya inda ya fi fita tsaf. Wannan ɗan'uwan tsohon salon nan ne na tsallake da James P. Johnson ya shahara da shi, inda hagu ke kai-komo tsakanin bes da kod, sai dai naka a sanyaye yake kuma ba a kowane bugu ba. A waƙa mai tafiyar hawainiya hakan na yin kyau matuƙa. Idan kuwa kod yana canzawa sau biyu a gaɓa ɗaya, ka koma ga ɓawon kod, domin tsallen zai yi yawa kuma za a ji shi a matsayin gaggawa.

Tambaya: Malam, a ƙarshen waƙa takarda ta rubuta Cmaj7, karin waƙa kuma ya ƙare a kan C, amma idan na danna sai in ji wani ɗaci. Takardar ce ta yi kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, ɗacin yana fitowa ne daga B, wanda ke rabin taki ƙasa da C, ko kuma oktab da rabin taki idan ka ajiye shi a hagu, kuma duka biyun suna gogayya da sautin da ya kamata ya zauna lafiya. Ka cire B ka sa A a madadinsa, kod ɗin ya zama C6, za ka ji waƙar ta sauka. Irin wannan yakan faru idan karin waƙa ya daɗe a kan C alhali takarda ta ce G7, domin nan ma B ne ke ƙasa yana gogayya. A nan sai ka danna G a bes, ka ɗora F da A da C a samansa, ka jinkirta B har sai karin waƙar ya matsa. Alamar kod da ke kan takarda shawara ce ta gaba ɗaya, kuma duk inda ta yi karo da karin waƙa, kod ne ke ba da hanya.

Tambaya: Malam, kibod mai maɓalli 61 nake da shi a gida, kuma ban san yadda ake amfani da feda ba, ina taka ta ne in bar ƙafata a kai. Zan iya koyon wannan salo da shi?

Amsa: Za ka iya, domin duk misalan da na bayar a sama suna cikin iyakar maɓallanka. Kibod mai maɓalli 61 yakan fara ne daga C ɗin da ke oktab biyu ƙasa da C na tsakiya, shi kuwa cikakken piyano mai maɓalli 88 yana sauka har A ɗin da ke girgiza sau 27 da rabi a sakan, amma waɗannan sautuka na can ƙasa ba safai ake bukatarsu a zauren baƙi ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kibod ɗin ya kasance mai jin nauyin yatsa, wato ya yi ƙara idan ka danna da ƙarfi, ya yi laushi idan ka sassauta, domin dole karin waƙa ya fi sauran sautuka fitowa, kuma wannan aikin yatsa ne.

Feda kuwa, barin ƙafa a kanta yana rushe duk tsabtar da ka samu ta hanyar rage sautuka. A piyano na gaske, fedar dama tana ɗage 'yan matasai masu laushi da ke kashe girgizar igiyoyi, don haka duk abin da ka danna zai ci gaba da amo har sai ka sake ta. Idan ka riƙe ta daga G7 zuwa Cmaj7, sautin F ɗin da ya kamata ya sauka kan E zai tsaya tare da shi, su biyun suna gogayya. Yadda ake yi shi ne, yatsu su fara danna sabon kod, a daidai wannan lokacin ƙafa ta ɗaga, sannan ta koma ƙasa nan da nan yatsun na nan a kan maɓallai. Da farko jiki yana ƙin wannan, domin ƙafa tana son sauka tare da hannu, amma da kod biyu kawai da haƙuri za ta saba. Idan kibod ɗinka yana ƙara amsa-kuwwa a kan sauti, ka rage ta lokacin atisaye domin ka ji kurakuranka a fili.

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Ina kaɗawa daga takardar da ke ɗauke da karin waƙa da alamomin kod kawai. Na karɓi shawarar sauƙaƙa kod, amma ina tsoron kada kiɗan ya zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, musamman da yake ina zama na tsawon sa'o'i. Yaya zan bambanta shi ba tare da na koma cunkoso ba?

Amsa: Malam, amin, na gode. Tsoronka yana kan hanya, amma bambancin da mai sauraro ke ji ya fi fitowa daga wurin da ka ajiye karin waƙa, da yadda bugu ke tafiya, da kaurin sauti, fiye da yadda yake fitowa daga sababbin kod-kod. Yawancin waƙoƙin wannan salo, irin na George Gershwin da Cole Porter da Jerome Kern da Irving Berlin, an gina su ne a kan gaɓa 32 da aka kasa huɗu, kowane kashi gaɓa 8, inda kashi na farko yake maimaituwa sau biyu, sai wani kashi daban da ake kira gada, sannan na farkon ya dawo. Wannan gini da kansa ya ba ka wuraren canji. Kana iya fara kashin farko ba tare da tsayayyen bugu ba, kana jan lokaci kana saki kamar mai magana, da ɓawon kod kawai a ƙasa. A kashi na biyu sai bugu ya shigo, hagu yana danna tushe a bugu na ɗaya da na biyar ɗin kod a bugu na uku. Idan ka iso gada, ka ɗaga karin waƙa oktab ɗaya sama, ka raka shi da sauti guda mai tazarar uku ko shida a ƙarƙashinsa, wanda abu ne mai sauƙi amma yana haskaka ɗaki.

Kaurin sauti ka ajiye shi domin kashi na ƙarshe. George Shearing, wanda aka haifa makaho a Landan a shekarar 1919 ya kuma koma Amurka a 1947, ya shahara da salon da hannu biyu ke tafiya a manne, dama yana danna sautuka huɗu da karin waƙa a samansu, hagu yana maimaita karin waƙar oktab ɗaya a ƙasa. Milt Buckner ake yawan ambata a matsayin wanda ya fara yaɗa wannan salo. Yana da daɗi, amma yana da nauyi a hannu da kuma a kunne, saboda haka gaɓa biyu ko huɗu sun isa. Akwai wata hanya da ta fi shi sauƙi da buɗewa: ka ɗauki kod na sauti huɗu a dunƙule, ka sauke sauti na biyu daga sama zuwa oktab ɗin ƙasa, ka ba hannun hagu. Idan kana da E, G, A da C a jere, C yana sama a matsayin karin waƙa, sai ka cire A ka kai shi ƙasa, dama ya rage da E, G da C. Sautuka huɗun nan dai su ne, ba ka ƙara ko ɗaya ba, amma yanzu iska tana ratsa tsakaninsu.

Idan kuma kana son canza kod ɗin kansa, ɓawon da ka koya ya riga ya ba ka hanya. Na uku da na bakwai na G7 su ne B da F. Na uku da na bakwai na D♭7 su ne F da C♭, kuma C♭ maɓalli ɗaya ne da B. Saboda haka kana iya barin sautukan tsakiya yadda suke, ka sauya tushe kawai daga G zuwa D♭, sai bes ɗinka ya gangaro daga D zuwa D♭ zuwa C, rabin taki bayan rabin taki. Yatsa ɗaya ne ya canza wuri, amma duk wanda ke sauraro zai ji wani sabon launi. Ka tabbatar dai karin waƙar ya yarda kafin ka yi, domin idan yana zaune a kan D a wannan lokacin zai yi gogayya da sabon tushen, kuma kada ka yi shi duk lokacin da G7 ya zo, ka bar shi ga dawowar ƙarshe.

Game da guje-gujen yatsu daga ƙasan piyano zuwa sama, waɗanda mutane da yawa ke ɗauka su ne alamar wannan salo, ra'ayina shi ne wurinsu ƙalilan ne. Sun dace inda karin waƙa ya tsaya a kan dogon sauti a ƙarshen kashi, lokacin da mawaƙi zai ja numfashi, kuma ko a nan ɗin ya kamata su fi karin waƙar laushi, su ƙare kafin ya dawo. Tsakanin waƙa da waƙa kuma ba sai ka yi shiru ba. Ka kaɗa Cmaj7, Am7, Dm7 da G7 da ɓawon kod a hankali, ko makamancinsu a ki ɗin waƙar da za ka shiga, ka tsaya kaɗan a kan na ƙarshen, sannan ka fara. Ka riƙa sauya ki daga waƙa zuwa waƙa, ka bi mai sanyi da mai ɗan motsi, kuma idan ka lura mutanen teburin da ke kusa da kai sun fara ɗaga murya domin su ji juna, ka sassauta hannun hagu tukuna kafin na dama.